Gicciyen Kofur Arzika

Ranar Talata aka wayi gari a Tudun Marke babu gicciyen Kofur Arzika.

Ina bakin ƙofa ina shan koko Dagaci ya aiko a kira ni. Na yi mamaki, don har na manta rabon da a neme ni a kan sata. Yanzu in aka sace wa mutum akuya, hotonta yake watsawa a waya ya zauna yana jira ta dawo. Ni ne Yahuza mai bin sawu. Wurin mahaifina na gaji sana'ar, kuma ga dukkan alamu da ni za a binne ta. Matata ta rasu, 'ya'yana suna Kano, sai ranar salla muke jin muryar juna.

Ga wanda bai san garinmu ba, a bakin kasuwa akwai wani ginin dutse mai tsayin mutum. Tsofaffin sojojinmu ne suka gina shi bayan yaƙin basasa, suka sassaƙa sunayen 'yan garin da ba su dawo ba. Mamatan dukkansu musulmi ne in ban da Kofur Arzika, ɗan Maguzawan bayan dutse da suka shiga addinin Kirista. Shi sai suka sassaƙa masa ɗan gicciye na dutse, bai fi kamu biyu ba, suka kafa a gefen ginin. Danginsa sun daɗe da tashi zuwa Dutse. Cikin waɗanda suka yi ginin kuwa, mutum ɗaya ya rage da rai, Saje Idirisu, kuma shi ke share wurin kowace Juma'a.

Saje shi ne abokina, ba ni da wani. Kullum bayan la'asar muna ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansa muna dara, yana yi mini maguɗi ina zaginsa, ba ya ma ji sosai, don ƙarar bindiga ta cinye masa kunne. 'Yarsa Lauratu tana aure a Limawa, cikin Dutse, ta daɗe tana so ta ɗauke shi. Cewa take yi rikicin tsufa ya fara kama shi. Ni nake tsaya mata. Na sha rantse mata cewa hankalin Baba garau yake, har ta ce mini, "To, Baba Yahuza, na bar shi saboda kai. Amma ranar da ya yi wani abin da ba na hankali ba, ba zan ƙara sauraron kowa ba."

Da na isa bakin kasuwa sai raina ya ɓaci. An yi ruwa kafin asuba, ƙasa ta yi laushi yadda ko ƙadangare ya wuce sai ya bar sawu, amma rabin gari sun taru sun tattake wurin.

"Ku ja baya mana!" na ce. "Gicciyen ne zai tsiro daga ƙasa da kuke zagaye ramin? Kai mai babur, har da mashin ɗinka? Allah ya shirye ku."

Suka ja baya suna guna-guni. Na tsuguna. Gaban ginin ya riga ya lalace, amma daga gefe, jikin bangon dutsen, na sami abu uku. Akwai kofaton jaki, ya zo da sauƙi ya koma da nauyi. Akwai wurin da aka ajiye takalman roba gefe guda, aka ƙarasa ba takalmi. Sai kuma wani abu da ban taɓa gani ba: rami zagayayye da diddigen dama ya murza kamar an dangwala taɓarya, kusa da shi yatsun hagu sun ja ƙasa, sannan tafin hagu ya sauka da ƙarfi har taɓo ya fantsama. Sawun ya cakuɗe, ban iya sanin ƙafar wa ce ba.

"Me ka gani?" in ji Dagaci.

"Ranka ya daɗe, na ga ɓarawo mai ladabi. Sai da ya cire takalmi."

"Ba lokacin wasa ba ne, Yahuza. An riga an buga wa dangin mamacin waya a Dutse. In maganar nan ta fita a matsayin musulmin Tudun Marke sun tumɓuke gicciye, ka san abin da zai biyo baya."

Na sani. A bayanmu kuwa tuni mutane sun gama shari'arsu, suna ta ambaton sunan Malam Saifuddeen.

*

Malam Saifuddeen matashi ne, shi ke jan salla a masallacin 'yan kasuwa. Na same shi a zaurensa, ya rufe ƙofa, don yara sun fara jifan kwanon gidan.

"Malam, an ce ka yi wa'azi a kan dutsen nan."

"Na yi, Baba, ba zan musa ba. Na ce gini a kan matattu ba koyarwarmu ba ce, na ce gicciyen ya fi dacewa da harabar coci. A gaban jama'a na faɗa, da lasifika."

"To, ga shi an ɗauke maka."

"Wallahi ba ni ba ne, kuma ban sa kowa ba. Da zan yi, wurin Dagaci zan je da rana tsaka. Kayan wani ne, ɗauka a ɓoye sata ce ko da na mene ne."

Na dubi ƙafarsa. Doguwa ce siririya, ta mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba. Ba wannan ne ya fi tsaya mini a rai ba. Wanda yake ganin abu saɓo ne, ba zai tuɓe masa takalmi ba. Na fito na kori yaran da sandata, na ce duk wanda ya ƙara jifa sai na bi sawunsa har ɗakin uwarsa.

Hanya ta biyo da ni ta ƙofar gidan Saje. Na leƙa don in ba shi labari, sai na tarar da shi a kwance kan tabarma yana barci, ya juya wa ƙofa baya, numfashinsa na fita da nauyi. Takalmansa na bakin ƙofa, duk taɓo. Damina ce, takalmin wa ke da tsabta? Na ce a raina gara ma da yake barci, don labarin nan zai ƙona masa zuciya. Na ja masa ƙofa a hankali na tafi.

*

Jakin ya fi sauƙin bi. Kofatonsa na baya na dama ya tsage, don haka ko cikin garke ya shiga zan fitar da shi. Na bi sawun komawarsa da kaya ta bayan kasuwa, ya ratsa gonar gero, ya nufi yamma. Mai jan sa yana tafiya ta cikin ciyawa, ban sami ƙafarsa ba. A gindin dutse sawun ya hau falalen da ruwa ya wanke tas, ya ɓace mini. Na yi ta zagaye har gwiwoyina suka fara kuka. Da na rasa inda ya tafi, sai na koma na bi inda ya fito.

Sawun ya kai ni rugar Ɗan'inna, wani Bafulatani mai shiru-shiru da ke kawo mana nono kasuwa. Ga jakin nan a ɗaure, igiya ta goge masa gashin baya.

"Ɗan'inna, jakinka ya yi aiki yau."

"Ya yi, Baffa."

"Kai ka sa shi?"

"A'a."

"Sace shi aka yi?"

"A'a."

"To aro ka bayar. Wa ka ba wa?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da sandarsa. "Baffa, wanda ya ara ya ce kada in faɗa, ni kuma na amsa."

"Kai, kana cikin hankalinka kuwa? Da jakin nan aka ɗauke gicciyen bakin kasuwa. 'Yan sanda na kan hanya. In ba ka buɗe baki ba, kai za a ɗaure."

Na ga idonsa ya kaɗa, amma sai ya ce, "To, a ɗaure ɗin."

Na yi lallashi, na yi faɗa, na tuna masa matarsa da ƙananan 'ya'yansa. Ko gezau. Taurin kan Ɗan'inna ya fi na jakinsa. Na dawo gari ina tunanin wane ne mutumin da makiyayi zai yarda ya kwana a ofishin 'yan sanda saboda shi.

*

Bayan azahar motar 'yan sanda ta iso ƙofar Dagaci. Insifeto ne da kofur ɗinsa, sai wata mata mai kallabi da ta sha kuka. Laraba ce, 'yar ƙanwar marigayi Arzika.

"Ba mu da kabarinsa, ranka ya daɗe," ta ce wa Dagaci. "Ko hularsa ba a kawo mana ba. Dutsen nan kaɗai muke da shi, shi ma an ga ya yi mana yawa."

Babu wanda ya iya ɗaga ido. Insifeto mutum ne mai natsuwa, ya saurare ni har na gama. Ya ce zai tafi da Malam Saifuddeen da Ɗan'inna Dutse, ko don a tsare lafiyarsu, tunda ɗaya ya yi magana ɗayan kuma ya ƙi yi. Dagaci ya roƙe shi ya dakata zuwa la'asar. Ya yarda, ya kira kofur ɗinsa ya ce ya je ya zo da mutanen biyu.

Kofur ya ƙame ya sara masa. Sannan ya juya a kan diddigensa na dama, ya ɗaga ƙafar hagu ya buga ƙasa, ya wuce.

Ni dai ƙasa nake kallo, don ita na saba kallo. A inda ya tsaya ga rami zagayayye, ga jan yatsu, ga tafin hagu ya nutse. Da takalmi ne wannan, wancan babu, amma abu ɗaya ne.

Sai na gane. Mutumin da ya ɗauke gicciyen ya tuɓe takalmi kamar mai shiga maƙabarta, da ya gama kuma sai ya tsaya ya sara wa sauran sunayen, ya yi juyin soja, don jikinsa bai san wata hanyar barin wurin ba. Soja ɗaya ne a Tudun Marke. Kuma yanzu na san inda jakin ya nufa bayan falalen dutse.

"Yahuza, lafiya?" in ji Dagaci.

"Ciwon gwiwa ne, ranka ya daɗe. Ina zuwa."

*

Kufan Maguzawa yana bayan dutse, babu abin da ya rage sai kuka ɗaya da tudun rusassun ɗakuna. A gefen kukar tsofaffin kaburburansu suke. An nome ciyawar ɗaya daga ciki, kuma a kansa gicciyen yake tsaye, an tokare gindinsa da duwatsu, an wanke shi fes. A gabansa ga juyin nan kuma cikin jar laka, wannan karon babu wanda ya taka shi. Ƙafar Saje ce, da ɗan yatsansa da ya karkace. Sau nawa na gan ta a sahun salla.

Na zauna a kan tushen kukar, na daɗe. Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin in koma in ce sawu ya ɓace mini a kan dutse. Wa zai ƙaryata ni? Amma Ɗan'inna zai kwana a Dutse, Malam kuma ba zai ƙara zama lafiya a garin nan ba. In kuma na faɗa, Lauratu za ta zo da mota. Na ji tausayin kaina ƙwarai, na tashi.

Na sami Saje ya farka, yana zaune a ƙarƙashin darbejiya yana gyara ramukan dara da ruwa ya cike.

"Ina ka shiga yau, tsohon banza?" ya ce. "Tsoron shan kashi ne ya ɓoye ka?"

Na matsa kusa da kunnensa mai ɗan ji. "Saje, daga kufai nake."

Hannunsa ya tsaya. Can ya ce, "Ya zauna daidai? Idona bai gani sosai, ina tsoron ya karkace."

"Daidai yake. Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Da ka hana ni." Ya share hannunsa a riga. "Ran Juma'a na je shara na tarar an ɗaure akuya a jikin gicciyen, gindinsa har yana girgiɗi. Mai shayi kuma a kansa yake shanya tsumma. Ni na kusa, Yahuza. In na tafi wa zai kore akuyar? Ka san Arzika ne ya goyo ni a bayansa da aka harbe ni a cinya, can bakin babban kogi. Kwana kaɗan shi ma aka same shi. Yana riƙe da rigata yana cewa, Idi, ka kai ni wurin Inna. Na ce zan kai ka. A can aka binne su cikin rami ɗaya. Uwar ta mutu tana tambayata ina na baro mata ɗa. To, yau na kai shi."

"Ka san an kama Malam Saifuddeen da Ɗan'inna a kan maganar nan? 'Yan sanda na ƙofar Dagaci. Laraba ta zo tana kuka."

Ya zuba mini ido kamar bai fahimta ba. "An lura?" ya ce. "Wallahi na ɗauka babu wanda zai lura."

Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo. Ya dafa kafaɗata ya miƙe da ƙyar, don bayansa ya riƙe. Ya shiga ɗaki, ya fito da tsohuwar hularsa ta soja a kai.

"Lauratu za ta ji," na ce.

"Na sani. Mu je, yaran mutane na jira."

*

Bayan la'asar zauren Dagaci ya cika har waje. Malam Saifuddeen na zaune gefe ɗaya, Ɗan'inna na ɗaya gefen, kofur a tsakaninsu. Laraba na bakin ƙofa.

Dagaci ya ce in faɗi abin da na gano. Na ce Malam ya yi magana, amma bakinsa kawai ya je wurin, ƙafarsa ba ta je ba. Na ce jakin Ɗan'inna ya je, amma mai jakin yana rugarsa. Na kwatanta musu takalman da aka tuɓe, na roƙi kofur ya sake juyawa a tsakar gida, na nuna musu abin da ƙafarsa ta bari. Saura in faɗi mai ƙafar. Sunan yana bakina, na kasa.

Saje ya taimake ni. Ya ratso mutane, ya tsaya gaban Dagaci, ya ƙame iyakar yadda bayansa ya bari.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Saje Idirisu. A saki yaran nan."

Ya faɗi abin da ya faɗa mini, bai ƙara ba bai rage ba. Ya juya ya nemi gafarar Malam, ya nemi ta Ɗan'inna. Ɗan'inna ya kawar da kai don kunya. Malam Saifuddeen ya ce, "Baba, ban canza ra'ayina a kan gini ba. Amma cika alkawari, wannan addini ne. Na yafe."

Insifeto ya dubi Laraba, ya ce ita ce mai ƙara, ita za ta ce.

"A kan wane kabari ka sa shi, Baba?" ta tambaya.

"Na kusa da kuka, ta gabas. Ni na haƙa shi da hannuna, ba zan ɓata ba."

Ta rufe fuska da kallabinta. "Kakata ce. Mu kanmu mun manta wanne ne." Sannan ta ce, "A bar shi a can. Na janye."

Mutane suka watse suna ta salati, waɗanda suka fi kowa zagin Malam da safe su ne suka fi kowa rige-rigen gaishe shi. Amma kafin magariba labarin ya isa Limawa yadda labari ke isa: wai tsoho ya ruɗe, ya tumɓuke dutse ya kai daji, saura kaɗan ya haɗa gari faɗa.

*

Ranar Alhamis Lauratu ta zo da mota. Na tare ta a ƙofa na fara bayani, ta ɗaga mini hannu cikin ladabi.

"Baba Yahuza, mutum mai shekara tamanin ya ɗaga dutse shi kaɗai cikin taɓo. Da ya faɗi a can bayan dutse fa, wa zai gan shi? Ka ce hankalinsa garau, na yarda. Bayansa fa?"

Gaskiya ta faɗa.

Aka fito da tabarmarsa da buta da akwatin ƙarfe. Saje ya miƙo mini tsintsiyarsa ta kaba da jakar 'ya'yan dara.

"Wuri biyu ne yanzu," ya ce. "Kada ka yi ha'inci, na san halinka."

"Wa ke maganar ha'inci, ɓarawon dara?"

Bai ji ba. Motar ta tashi, na bi sawun tayarta da ido har kwalta, inda babu abin da ke barin sawu.

Washegari Juma'a na share bakin kasuwa, na kori akuya biyu, sannan na haura bayan dutse. Na tuɓe takalmina a gindin kuka na share kabarin. Juyin Saje yana nan a gaban gicciyen, rana ta busar da lakar, diddige da yatsu da tafi duk sun fito raɗau. Gabas ta fara haɗa hadari. Na duba cikin kufan na sami wani tsohon kasko, na kawo na kifa a kan sawun, na danne gefensa da duwatsu don kada ruwa ya shiga. Sai na sa takalmina na kamo hanyar gida, la'asar ta kusa, ba kuma inda zan je.